Pączki ba man alade ba barasa: nawa ya sha mai, ina kuskuren yake?

Maman Hanif (Lublin):
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da shan ruwa. Ina neman taimakon waɗanda suka zauna a gabashin Turai, da duk wadda hannunta ya faɗa a harkar fulawa.

Shekararmu biyu a Lublin, ƙasar Folan, maigida yana karatu. Ranar 27 ga Fabrairun 2025, dab da mu ɗauki azumi, aka yi ranar da suke kira Tłusty Czwartek, wato Alhamis mai maiƙo. Ita ce Alhamis ta ƙarshe kafin Kiristocin nan su shiga nasu azumin. Tun da sassafe layi ya cika ƙofar kowane gidan burodi, kowa yana sayen pączki, ana furta shi ponchki. Curin fulawa ne mai yis, kamar girman lemu, a soya, a sa jam a ciki, a shafe samansa da narkakken sukari.

Maƙwabciyata dattijuwa ce, ta haura saba'in, ita kaɗai take zaune. Ta ƙwanƙwasa ƙofa da faranti, guda shida masu ɗumi. Na tambaye ta da me ta soya, ba ta ɓoye mini ba: smalec ne, wato man alade, kuma ta zuba cokali biyu na spirytus, wato barasa, a kwaɓin. Na yi mata bayani a hankali cewa ba za mu iya ci ba. Ba ta yi fushi ba, amma na ga jikinta ya yi sanyi, har yau abin yana raina. Washegari ta kawo mini yadda ake yi a rubuce, ta ce in gwada da abin da ya halatta gare ni.

Jiya na gwada. Fulawa rabin kilo, madara kofi ɗaya, busasshen yis ƙaramar leda ɗaya, bota, sukari. Ita ta rubuta gwaiduwa shida, ni kuma na fasa ƙwai biyu duka da farinsu don kada in yi asara. Na kwaɓa kamar minti biyar, ya tashi, na mulmula, na sa jam, na jefa a kasko. Na farko waje ya ƙone ciki ɗanye. Na rage wuta, na biyun suka sha mai kamar soso. Uku suka fashe, jam ya zubo ya baƙanta man. Ita ta ce rashin spirytus ne. Haka ne? Idan haka ne sai in haƙura.

Hajiya Binta Mai Kek (Kano):
Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki haƙura. Ban taɓa zuwa Folan ba, amma shekarata goma sha bakwai ina soya donot na biki, kuma duk abin da kika lissafa na san shi. Ba rashin barasa ba ne matsalar. Kin mulmula kin jefa a mai nan take, ba ki bar shi ya sake tashi ba. Curi mai nauyi nitsewa yake yi, ya daɗe a wuta, ya sha mai. Sannan kasko kika ce. Mai nawa kika zuba?

Maman Hanif (Lublin):
Bai kai rabin lita ba, Hajiya. Suna taɓa ƙasan kaskon.

Hajiya Binta Mai Kek (Kano):
To kin gani. Shi ya ƙona miki waje. Dole ya yi iyo, ƙarfe bai taɓa shi ba. Ki nemi tukunya mai zurfi da kaurin gindi, mai aƙalla lita ɗaya.

Ummu Sudais:
Ni fa abin da ya tsaya mini shi ne, mene ne na wahala? Fanke muke da shi, ga funkaso, ga cincin. Wannan ai fanke ne da aka yi wa kwalliya.

Dakta Sadiya:
@Ummu Sudais, 'yar'uwa, ba ɗaya ba ne, kuma ina ganin nan ne ma Maman Hanif ta fara kuskurewa, ta yi masa riƙon fanke. Kwaɓin fanke ruwa-ruwa ne, ki buga, ya tashi sau ɗaya, ki yanko da hannu ki saki a mai. Kwaɓin pączki kuwa ɗan'uwan burodi ne mai ƙwai da bota. Sai an wahalar da shi, kuma sau biyu yake tashi.

Na yi karatun likita a Kharkiv, shekara biyar, har yaƙi ya fitar da mu a Fabrairun 2022. Matar da nake haya a gidanta 'yar asalin yammacin Yukren ce, wajen Lviv, inda ake kiran irin wannan pampukh, ana yin sa lokacin Kirsimeti da jam ɗin ceri ko na fure ko niƙaƙƙun 'ya'yan mak, wato ƙananan 'ya'yan furen poppy. Da man sunflawa take soyawa, wanda shi ne man girkin kowa a can, kuma ban taɓa ganin ta zuba ko ɗigon barasa ba. Idan ta tsame, takardar da take ɗorawa a kai da ƙyar take jiƙewa. Wannan ya ishe ni hujja.

Ga yadda na koya a wurinta, kuma ina yi har yanzu a Kaduna. Komai ya zama ba sanyi. Ki fitar da ƙwai daga firij tun awa biyu kafin ki fara. Ki ɗumama madara mililita 250 daidai yadda yatsa zai jure ba ƙuna, ki zuba yis da cokalin sukari da cokali uku na fulawa, ki rufe minti goma sha biyar sai ya yi kumfa. Tunda kina Folan ki daina amfani da busasshen yis, ki sayi ɗanye, yana cikin firij na kowane kanti, dunƙule na giram 100. Giram 40 ya ishi rabin kilo. Idan busasshen ne dole, leda ɗaya ta giram 7 ta yi kaɗan ga kwaɓi mai nauyin ƙwai da bota, ki sa biyu.

Gwaiduwa shida ɗin nan da kika rage, su ne ran abin. Ki buga su da sukari giram 60 har su yi fari su yi kauri. Farin ƙwai busar da soyayyen abu yake yi, gwaiduwa kuwa laushi take ba shi da launin nan ruwan ɗorawa a ciki. Ki haɗa da fulawa da ɗan gishiri, ki yi ta kwaɓa, sai ya haɗe jikinsa sannan ki zuba narkakken bota giram 60 wanda ya huce, kaɗan-kaɗan. Zai yi danƙo ya manne miki a hannu, zuciya za ta ce ƙara fulawa. Kada ki ƙara. Ki ci gaba minti ashirin da hannu, da kansa zai saki hannun ya yi sheƙi. Ki yago kaɗan ki ja tsakanin yatsu, idan ya miƙe siriri har kina hango haske bai yage ba, ya yi.

Allah ya sa matar nan da na yi haya a gidanta tana raye lafiya, rabona da jin muryarta an fi shekara.

Maman Hanif (Lublin):
Amin, Dakta. Allah ya saka da alheri. Minti ashirin! Ni biyar na yi na ɗauka na gama.

Injiniya Bashir (Gdańsk):
Ku yi haƙuri in sa baki a zancen mata, nima ina girki. Batun spirytus ɗin nan na bi shi sosai don abokan aikina sun sha gaya mini haka. Spirytus barasa ce kusan tsantsa, kashi 95 ko 96 cikin ɗari. Tana tafasa a digiri 78, ƙasa da ruwa, don haka suke cewa tana ficewa da sauri a matsayin tururi ta ture mai daga shiga. Da ɗan gaskiya a ciki, kuma tana rage wa kwaɓi tauri. Amma cokali biyu a cikin kwaɓin da ya kusa kilo ɗaya ba zai ceci wanda man sa ya yi sanyi ba. Zafin mai shi ne komai. Digiri 175, kada ya sauka ƙasa da 170, kada ya haura 180. Ma'aunin zafi na kicin ba shi da tsada, Maman Hanif ki saya, musamman idan murhun lantarki gare ku irin na gidajen nan, wanda idan ya ɗau zafi ba ya saurin sauka.

Su kansu Folawan da yawa khal suke zubawa maimakon spirytus. Sai dai in ja hankalinki: kwalbar khal ɗin da ta fi yawa a nan an rubuta mata ocet spirytusowy, kada sunan ya tsorata ki, khal ne, amma ƙarfinsa kashi 10 ne, ya ninka wanda muka saba. Cokali ɗaya ya isa. Idan zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, akwai ocet jabłkowy na tuffa, ko ki matse lemun tsami.

Abu Yasir:
Tambaya don neman sani. Tunda an ce barasar tana ƙonewa a wuta, meye matsalar a zuba? Kuma ai shi yis ɗin kansa yana haifar da 'yar barasa a cikin kwaɓi.

Injiniya Bashir (Gdańsk):
Malam, ba duka take ficewa ba. Minti biyar ko shida ne kawai abin yake yi a mai, kuma tsakiyarsa ba ta wuce zafin tafasar ruwa. Wani abu yana saura.

Malama Rabi:
@Abu Yasir, abin da yis yake yi a burodi daban, ka je kanti ka sayi kwalbar giya da kuɗinka ka ajiye a kicin ka zuba a abinci da hannunka daban. Ba a taɓa hana mu burodi ba. Hukunci dalla-dalla a tambayi malamai, amma a nan ko buƙatar fatawa ba ta taso ba, tunda an nuna mana abin yana yiwuwa ba tare da ita ba.

Ni wani abu ne ya fi damuna. Ranar nan ta Alhamis mai maiƙo tana da alaƙa da addininsu. Ya dace mu riƙa bin su a kai?

Malam Nura (Kraków):
Malama, tambaya ce mai kyau, bari in faɗi abin da na sani. Ranar ba ta cikin ranakun ibadar coci, ba a yin wata addu'a ta musamman dominta. Al'ada ce da ta samo asali daga tsarin azuminsu. A da azumin kwana arba'in kafin Ista yana da tsanani, ba nama, ba kitse, a wasu zamunnan har ƙwai da madara. To sai a tattara abin da ya rage a rumbu na mai da ƙwai da sukari a cinye kafin a shiga. Shi ya sa kwaɓin yake da gwaiduwa da yawa haka. Ranar tana faɗowa kwana 52 kafin Ista, don haka take yawo tsakanin ƙarshen Janairu da farkon Maris. Akwai camfin da suke yi cewa wanda bai ci ko ɗaya ba a ranar ba zai ga sa'a a shekarar ba. Wannan kam ba namu ba ne. Amma pączki kansa kullum ana sayar da shi, rani da damina, kamar yadda ake sayar da ƙosai a bakin titi.

Kuma abin ya daɗe. Wani limamin coci mai suna Jędrzej Kitowicz, wanda ya rubuta al'adun Folan na zamanin Sarki Augustus na Uku a ƙarni na 18, ya ce pączki na mutanen da saboda tauri idan aka jefi mutum da shi a ido sai ya kumbura masa, amma na zamaninsa ya yi sauƙin da idan ka matse shi a hannu zai dawo kamar soso, har iska tana iya ɗauke shi daga faranti. Ma'aunin da suke bi ke nan har gobe. A Warso akwai gidan Blikle a titin Nowy Świat, tun 1869 suke wannan sana'a.

Wani abin da mutane suke mantawa: ba duk Slabawa, wato jinsin su Folawa da Rashawa da 'yan Yukren, ne Kiristoci ba. Bosniyawa Musulmi ne kuma Slabawa ne, kuma suna da nasu soyayyen fulawar.

Zainab Sarajevo:
Kamar ka san ina nan ina karantawa, Malam Nura. Mijina ɗan Bosniya ne. Uwar mijina tana yin uštipci kusan duk mako, da azumi kuwa ba a magana. Sunan daga kalmar mintsini ya fito, don mintsino kwaɓin ake yi a jefa a mai. @Ummu Sudais, wannan ne fankenki, ba pączki ba. Bambancin kawai ba sukari a ciki, da gishiri ake yi, a ci da kajmak, wani kirim mai kauri da ake yaɗowa daga saman dafaffiyar madara, ko da cuku. Ranar da na fara yi musu fankenmu da sukari da ɗan citta, surukata ta ce uštipci ne na yara. Suna da krofne kuma, shi ne ɗan'uwan pączki, da man girki ake soya shi a gidajen Musulmi tun kakanni. Don haka Maman Hanif, ba wata sabuwar hanya kike ƙirƙira ba, miliyoyin Slabawa haka suke yi.

Ummu Sudais:
To na yarda akwai bambanci. Amma gwaiduwa shida a tsadar ƙwan nan, sai ku na Turai.

Hajiya Binta Mai Kek (Kano):
Rabin kilo yana ba da guda goma sha shida zuwa ashirin, ki raba ki gani. Farin kuma ba zubarwa ake yi ba, ki soya wa yara da albasa da safe, ko a sahur.

Bari in ƙarasa inda Dakta ta tsaya, don tashi na biyu shi ne inda kowa yake faɗuwa. Bayan kwaɓin ya ninka, ki yanka daidai-daidai, kowane curi giram 50 zuwa 60. Ki mulmula a kan tebur da tafin hannu har samansa ya yi sumul, ki jera a tire mai barbaɗin fulawa da tazara, ki rufe da tsumma mai tsabta. Yadda za ki gane ya yi: ki danna da yatsa a hankali. Idan ya dawo nan take, da saura. Idan ya dawo sannu-sannu ya bar ɗan gurbi, ki kunna wuta. Idan ya lotsa bai dawo ba, ya wuce, zai saɓe a mai ya yi tsami. A Kano da zafin Maris ɗin nan minti ashirin ya isa, har sai na riƙa kwaɓawa da madara mai sanyi. Ke da kike cikin sanyi zai iya kai ki minti arba'in. Kada ki bi agogo, ki bi yatsa.

Ki kakkaɓe fulawar jikinsa kafin ki saka, ita ce take ƙonewa ta ɓata mai. Guda uku ko huɗu a lokaci ɗaya, kada ki cika tukunya.

Dakta Sadiya:
Ƙari a kan na Hajiya: gefen da ya kalli sama lokacin tashi, shi za ki fara kifawa a cikin mai. Ki rufe tukunyar a gefen farko kamar minti biyu da rabi, tururi zai ƙara ɗaga shi, sannan ki juya ki ƙarasa a buɗe. Ki kula da ruwan da yake taruwa a murfin kada ya ɗiga a mai. Idan komai ya tafi daidai za ki ga farin zobe ya zagaye tsakiyarsa, inda mai bai kai ba saboda rashin nauyi. Zoben nan shi maƙwabciyarki za ta fara dubawa kafin ta kai baki.

Maman Hanif (Lublin):
Wallahi nata duk suna da zoben nan, na ɗauka wani ado ne take yi da gangan. To batun jam da ya fashe fa? A takardarta ta ce a sa kafin a soya.

Malam Nura (Kraków):
Haka tsofaffi suke yi, kuma suna ganin wanda aka ɗura bayan suya na kanti ne. Amma ba kowane jam suke sawa ba. Biyu ne na gargajiya. Akwai powidła, wanda ake dafa 'ya'yan fulam, wani ɗan itace da ake kira plum a Turance, awanni masu yawa, wani lokaci kwana biyu ana sauke ana mayarwa, har ya yi baƙi ya yi kaurin da cokali zai tsaya a ciki. Akwai kuma na furen wardi, wanda ake murje ganyen furen da sukari a cikin wani akushin yumɓu mai kaushi da suke kira makutra. Dukansu ba ruwa a jikinsu. Idan jam ɗin sitiroberi na shafa wa burodi kika sa, ruwan cikinsa ne ya tafasa ya fasa curin.

Hajiya Binta Mai Kek (Kano):
Ni dai shawarata ga mai koyo, ta ɗura bayan suya. Curi mai jam a ciki yana rinjaya gefe ɗaya, ya ƙi juyuwa, kuma kwaɓin da yake kewaye da jam ɗin shi ne yake zama ɗanye. Ki huda gefe da tsinke mai kauri tun yana da ɗumi, ki matsa da ledar kwalliyar kek.

Dakta Sadiya:
A nan kam Hajiya na saɓa miki kaɗan, da girmamawa. Wanda aka soya da jam a ciki ɗanɗanonsa daban ne, ƙamshin furen yana ratsa fulawar. Ƙaramin cokali ɗaya kawai, ki tattaro bakin ki matse sosai, ki kifa wajen ɗinkin a ƙasa lokacin tashi na biyu don ya like. Kada jam ya taɓa bakin da za ki haɗe, in ya taɓa ba zai kama ba.

Hajiya Binta Mai Kek (Kano):
Ban musa ba, Dakta. Amma ta fara samun zoben tukuna. Abu ɗaya-ɗaya ake koya.

Fa'iza Damagaram:
Mu da muke gida ba mu da fulam ba mu da wardi, me za mu sa? Ni na yi tunanin jam ɗin zoɓo, in dafa shi ya yi kauri. Ko dabino da aka niƙa da ɗan tsamiya.

Abu Yasir:
An cire man alade, an cire barasa, yanzu a cire jam ɗin a sa zoɓo. Me ya rage na Folan a ciki? Ku kira shi donot ɗin zoɓo kawai.

Injiniya Bashir (Gdańsk):
Kwaɓin ya rage, Malam, kuma shi ne pączek ɗin, wato guda ɗaya na pączki. Ka shiga kowane shago a nan ka ga abin da ake ɗurawa: cakulan, kastad, ceri, har fistashiyo. Da yawan gidajen burodi ma da man girki suke soyawa yanzu, wasu kuma suna alfahari da cewa nasu na smalec ne, shi ya sa dole mutum ya tambaya kafin ya saya. Abin da suke nema a jam shi ne ɗan tsami da zai karya zaƙi da maiƙo. Zoɓo yana da wannan tsamin fiye da yawancin abin da ake sawa a nan.

Malam Nura (Kraków):
Ni ina tsakiya. Fa'iza ta sa zoɓonta, zai yi daɗi. Amma Maman Hanif da take son ta kai wa dattijuwar nan, ta sayi na wardi. Yana nan a kantuna, ki nemi kwalbar da aka rubuta róża. Ɗanɗanon da matar ta tashi da shi ke nan, da shi za ta auna.

Sani Piter:
Ina Saint Petersburg, shekara ta huɗu. Wanda yake ganin pączki ya yi masa wahala ya gwada pyshki na garin nan. Zobe ne mai huda a tsakiya, kwaɓinsa ruwa-ruwa kamar na fanke, ba jam, garin sukari kawai ake barbaɗawa. Akwai wani shago a titin Bolshaya Konyushennaya da yake yin su tun 1958, ana sha da kofi mai madarar gwangwani, har yau layi ake yi. A gida sai ka shafa wa hannu mai, ka yanko, ka huda da babban yatsa, ka saki. Mutanen Mosko ponchik suke ce masa, mutanen nan kuwa ba sa son jin haka. Kalmar ponchik ɗin ma daga pączek ta Folan aka aro ta.

Anti Larai (Michigan):
Mu a nan ranar Talata ake yi ba Alhamis ba. Garin Hamtramck kusa da Detroit, Folawa ne suka cika shi a da saboda masana'antar mota, yanzu Yamalawa da 'yan Bangaladash sun yi yawa, amma ranar pączki ba ta mutu ba.

Ba wanda ya ambaci faworki. Maman Hanif, ba ta kawo miki shi ba? Tare suke tafiya a ranar.

Maman Hanif (Lublin):
Na gan shi a kanti, Anti, siriri a murɗe da garin sukari. Sai ya tuna mini da dubulan.

Anti Larai (Michigan):
Ai 'yan'uwa ne a ido. Bambancin, dubulan a ruwan sukari ake tsoma shi, wannan kuwa a bushe yake, kina taɓawa yana karyewa. Shi ya sa wasu suke ce masa chrust, Rashawa su ce khvorost, duk ma'anarsu busassun ƙirare. A Yukren verhuny. Ba yis a ciki. Fulawa kofi biyu, gwaiduwa huɗu, smetana cokali huɗu ko biyar, wato kirim ɗin nan mai tsami, in babu ki tace kindirmo ya yi kauri, sai gishiri da cokalin khal. Sirrinsa duka ne. Bayan kin kwaɓa ki ɗauki muburgin murji ki yi ta dukansa, ki ninke, ki sake duka, minti goma ko fi, don iska ta shiga. Ki bar shi ya huta a rufe, ki murza har ya kusa zama takarda, ki yanka dogaye kamar faɗin yatsu biyu, ki tsaga tsakiya, ki zura kai ɗaya ta cikin tsagar ki jawo. Daƙiƙa talatin kowane gefe, kada ya yi ja. Yana daɗewa a gwangwani, zai yi kyau a kayan Sallah.

Malama Rabi:
Na gamsu da bayanin Malam Nura da na Zainab. Kuma kyautata wa maƙwabci umarni ne a kanmu, ko ba Musulmi ba ne. Maman Hanif ki yi ki kai mata. Sai dai ki tambaya, kada ki kai mata zaƙi tana cikin nata azumin.

Malam Nura (Kraków):
Gaskiya ne, tun 5 ga Maris suka shiga, kuma tsofaffi da yawa suna barin kayan zaƙi har Ista. Amma ba a lissafa ranakun Lahadi a cikin kwana arba'in ɗin. Ki tambaye ta ko Lahadi ta yi mata.

Maman Hanif (Lublin):
Assalamu alaikum, na dawo da labari. Na tambaye ta, ta ce Lahadi ba laifi. Yau bayan azahar na fara. Ɗanyen yis giram 40, gwaiduwa shida cif, khal na tuffa cokali ɗaya, man rzepak, wato man kanola, lita ɗaya da rabi a tukunyar miya, ga ma'aunin zafi da maigida ya sayo. Na kwaɓa minti ashirin da biyu, Hanif yana riƙe da waya yana ƙirga mini. Tashi na biyu ya ci minti talatin da biyar kusa da hita.

Guda goma sha takwas suka fito. Na bi Hajiya a goma sha biyu, na ɗura bayan suya. Shida na bi Dakta, ɗaya ya fashe, biyar suka tsira. Huɗun farko ba zobe, don man ya haura 185 kafin in lura. Na kashe wuta na jira, sauran duk suka fito da farin zobensu.

Na kai mata huɗu kafin magariba, biyu na kowane iri. Ta ɗaga ɗaya ta auna a tafin hannu, ta juya ta duba zoben, ta ɗauko wuƙa ta raba biyu, ta danna cikin da yatsa ta ga ya dawo. Ta ci rabi ba ta ce komai ba. Sai ta ce wanda aka soya da jam a ciki ya fi, kuma sukarin saman ya yi kauri, in ƙara masa lemun tsami, in yayyafa ɓawon lemu da aka dafa da sukari. Na ce mai fa, ya sha? Ta duba yatsunta ta ce a'a. Ta ce ranar Asabar in zo da fulawa da ƙwai, za ta nuna mini dukan faworki a kicin ɗinta, ni kuma in zo da man da na yarda da shi da tukunyata.

Hajiya Binta Mai Kek (Kano):
Masha Allah. Ki tace man da rariya mai laushi idan ya huce, zai yi miki faworki ɗin Asabar.

Fa'iza Damagaram:
Na zoɓon yana kan wuta yanzu haka. Dakta, kaurin nasa ya kai yaya kafin in sauke?

Dakta Sadiya:
Ki ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi, ki ja yatsa ta tsakiya. Idan hanyar ba ta rufe ba, ki sauke.